Turaren da Na Ɗauke wa Baba

Har gobe, in na ji ƙamshin turaren tsinke, ba ɗakin amarya nake tunawa ba, ba kuma masallaci ba. Silin bayan gida nake tunawa. Matata ta ce wannan ciwo ne, in nemi magani. Na ce mata ba ciwo ba ne, Riyad ce.

A tsakiyar shekarun casa'in na yi aiki a can, a wani ƙaramin kamfani da ke Sulai, unguwar da ba komai a cikinta sai sito-sito da garejoji da gidajen kwanan ma'aikata. Aikinmu ba shi da suna mai daɗin faɗa. In an gama gina gida, an saka na'urar sanyi da bututun iska da fankokin da ke zuƙe hayaƙin kicin da warin bayan gida, to kafin a miƙa wa mai gida makullinsa mu ake kira. Mu bi ɗaki ɗaki mu auna iskar da ke shigowa da wadda ke fita, mu matse nan mu sassauta can, har komai ya daidaita da abin da aka rubuta a zanen gidan. Sannan mu sa hannu a takarda. A garin da ba mai buɗe taga saboda zafi, in iska ba ta tafiya daidai, cikin mako ɗaya gidan miliyoyi zai koma warin soyayyar albasa.

Sa hannun nan shi ne aikin gaba ɗaya. Ba kuma kowa ke sa shi ba, sai mai shaidar ƙwarewa, wani ɗan kati mai hoto da hatimi da ake sabuntawa duk bayan shekara uku. In katinka ya mutu, kai da mai ɗaukar tsani duk ɗaya kuke.

Mu biyu ne Hausawa a sashen, ni da wani dattijo mutumin Katsina da kowa ke ce wa Baba, har Larabawa da 'yan Pakistan. Ya doshi sittin a lokacin. Lebura ya zo ƙasar, ya yi ta bin masu aikin bututu yana kallo har ya iya, ya fi waɗanda suka koya masa. Gida ɗaya muke zaune a unguwar Manfuha, mu huɗu a ɗaki biyu, shi ke mana miyar kuka ranar Juma'a, kuma ba mai taɓa masa tukunya. Ni kuwa ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, na fito kwalejin fasaha da takarda a hannu, ina jin kaina ƙwarai. Shi ya sa Baba bai taɓa kirana da sunana ba, sai Injiniya. In ya ja kalmar ya ce "Injiniyaa", na san na yi wani abu.

Abin awonmu wata 'yar farfela ce a bakin doguwar sanda, da waya da ta sauko zuwa wani ɗan allo mai nuna lamba. Mita muke ce mata. Ka ɗaga sandar ka kara a bakin ragar bututun iska da ke silin, iska ta juya farfelar, lamba ta fito, ka rubuta. Ina son mitar nan kamar ɗiyata. Ina da tsumma na musamman da nake goge ta da shi.

Baba yana da nasa abin awon. Duk gidan da muka shiga, kafin in buɗe jaka, sai ya zaro tsinke ɗaya na turaren nan na Indiya da ake sayarwa a kasuwar Batha, ya ƙyasta ashana, ya hure wutar. Sai ya bi ragogin silin ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga hannu, yana kallon hayaƙin. In ragar ta shigo da iska ce, hayaƙin ya kwanto ƙasa. In ta fankar zuƙa ce, wadda Larabawa ke ce wa shaffaɗ, hayaƙin ya miƙe sama ya shige. Sai ya zagaye gidan kaf sannan ya ce, "To, Injiniya, kawo abin naka."

Abin nan yana ƙona mini rai. Ga mu da rigar kamfani, ga kayan aiki na zamani, ga mai gida tsaye yana kallo, mutum yana yawo da turare a bayan gidan mutane kamar mai korar aljanu. Na sha yi masa magana.

"Baba, hayaƙi ba ya ba da lamba."

"Ba ya bayarwa," in ji shi. "Ai shi ya sa aka ɗauko ka."

Gaskiyar magana kuwa masu gidajen sun fi son shi da ni. Akwai wani attajiri da ya kira mu yana faɗa, wai fankar falonsa ɓarauniya ce, duk turaren itace mai tsada da ya ƙona wa baƙi kafin su shaƙa ta kwashe ta kai wa maƙwabta. Na auna, na nuna masa lambar ta yi daidai da zane. Ya dube ni kamar na zage shi. Baba ya kunna tsinkensa, suka tsaya su biyu suna kallon hayaƙin yana gudu sama, suna girgiza kai tare. Baba ya hau tsani ya ɗan rage ƙarfin fankar, hayaƙin ya tsaya yana lilo a tsakiyar ɗakin. Ranar sai da aka ajiye mu aka kawo mana shinkafa da rago, kuma Baba aka zuba wa gahawa da farko.

Akwai abin da ni kaɗai na sani. Idon Baba ya fara rauni, ba ya ganin lambobin mitar. Ni nake karanta masa, shi ya rubuta da manyan baƙaƙe. Ba mu taɓa zancen ba, haka kawai aikin ya rabu, shi da hayaƙi, ni da lamba.

Wata safiyar Asabar mudir, wato manajan kamfanin, ya tara mu a bakin sito. Ya ce tsari ya canza. Da, in kati ya kusa mutuwa, wasiƙa kawai kamfani ke rubutawa a kai cibiyar da ke ba da shaidar, a buga sabon hatimi. Yanzu an ce kowa sai ya je da ƙafarsa ya zauna jarrabawa, ta rubutu da ta aiki. Wanda ya faɗi zai iya sake zama, amma sai bayan wata uku. Ni da Baba katinmu tare zai mutu. Da aka watse mudir ya tsayar da Baba, ina jin su. Ya ce masa igamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, saura mata wata biyu, kuma kamfani ba zai sabunta igamar wanda ba shi da kati ba. Ya faɗa cikin ladabi, har da dafa masa kafaɗa, amma maganar ba ta da wata fassara. Ni igamata da sauran shekara guda, ko na faɗi ina da damar gyarawa. Baba zama ɗaya gare shi. In ya faɗi, sai jirgi.

A mota, da muka kusa gida, Baba ya juyo ya dube ni.

"Ba komawar nake tsoro ba, Injiniya. Gida ai gida ne. Amma ina so in koma da ƙafata, ranar da na ce na gaji. Ba na so a ce an koro ni don na kasa aikin da na yi shekara ashirin ina yi."

Wallahi maganar ta shige ni. Na ce masa ya bar mini komai, ni zan koya masa, kuma zai ci ko ana ha maza ha mata.

Yaƙin farko na tabarau ne. Baba ya ce shi idonsa garau yake, lambobin ne aka ƙanƙanta don mugunta. Sai da na yi kwana uku ina fama, sannan wata Alhamis bayan la'asar na ja shi Batha, wurin masu baza tabarau a kan tebur. Ya gwada wannan ya ce yana sa shi jiri, ya gwada wancan ya ce ya mai da shi kamar alƙali. Mai tebur ya gaji ya miƙo masa wani mai kauri da jarida. Baba ya saka, ya dubi jaridar. Can ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa.

"Ashe haka kake da furfura?"

Muka saya. Duk hanyar gida yana karanta allunan shaguna da ƙarfi, har na mai gyaran takalmi.

Yaƙi na biyu na lissafi ne, kuma a nan na gane ni ba malamin kirki ba ne. Abin ba wuya: ka ɗauki gudun iskar da mita ta nuna, ka ninka da faɗin bakin ragar, ka sami yawan iskar da ke wucewa. Baba ya san amsar a jikinsa. In ya tsaya ƙarƙashin raga zai ce maka wannan ta yi yawa, waccan ta gaza, kuma in ka auna haka ne. Amma ka ba shi biro da takarda, sai ya fara ƙirga da yatsu yana gunaguni, ya manta inda ɗigo yake, ya fito da amsar da in gaskiya ce iskar za ta ɗauke rufin gidan. Kullum in mun dawo aiki muka ci abinci, sai mu baje takardu a kan tabarma har a kira isha'i. Ina koyarwa ina tsawa. Sauran 'yan ɗakin suka riƙa ce mini hedimasta. Wata rana na buga biro a ƙasa na ce, "Haba Baba, sau nawa zan faɗa?" Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya ce, "Ƙara ɗaya." Kunya ta kama ni, na ɗauki birona na ƙara ɗaya.

A hankali abin ya fara zama. Mako na uku ya yi lissafi biyar ya ci huɗu, ya tashi ya dafa mana shayi da kansa don murna.

Saura magana ɗaya, ita ce ta turare. Na zaunar da shi na ce, "Baba, don Allah ranar jarrabawa ka bar tsinken nan a gida. Mutanen nan injiniyoyi ne, lamba suke so. In ka shiga kana kunna turare za su ce ba ka san aiki ba, tun kafin ka fara sun gama da kai."

"To," in ji shi.

Na san wannan "to" ɗin. Ita yake ce wa mudir in ba zai yi abu ba.

Ranar jarrabawa muka yi sallar asuba, muka karya da gurasa da wake. Baba ya shiga wanka. Jakar kayan aikinsa tana bakin ƙofa, na buɗe aljihun gefe, ga kwalin turaren nan kwance da ashana a kusa da shi. Raina ya ɓaci. Na zare su duka biyu na zura a aljihun rigata ta aiki, na ja zif ɗin jakar. A zuciyata taimakonsa na yi. Ya fito yana goge kai da tawul, ya yafa hiraminsa a kafaɗa, ya ɗauki jaka muka tafi.

Da safe aka yi ta rubutu, mu goma sha biyu a aji ɗaya, daga kamfanoni daban daban. Na gama da wuri na zauna ina satar kallon Baba. Tabarau ya zamo masa zuwa ƙarshen hanci, leɓensa yana motsi, yatsunsa suna aiki a ƙarƙashin tebur. Sai da aka ce a ajiye biro ya ajiye.

Ta aikin a wani babban sito aka yi ta, a bayan ajin. A ciki an gina ɗan gida na gwaji da katako: falo, kicin, bayan gida, da silinsa da bututunsa da komai. Mai jarrabawar wani dogon injiniya ne ɗan Sudan, mai sanyin murya, yana riƙe da allon rubutu. Ya ce ɗaya bayan ɗaya za a shiga. Za a ba ka zanen gidan da takardar rahoto, ka duba gidan kamar yau za a miƙa makulli, in ya yi ka sa hannu, in bai yi ba ka rubuta abin da ya hana. Wanda ya gama zai fita ta ƙofar baya ya zauna a rumfa, ba zai sake ganin masu jira ba.

Ni aka kira kafin Baba. Na shiga da mitata ina taƙama. Falo, na ɗaga sanda, lamba ta fito, na ninka, daidai. Kicin, daidai. Bayan gida, silinsa ya fi sauran tsawo, sai da na ware sandar gaba ɗaya. Fankar tana ta ƙugi, farfela ta juya, lamba ta fito cif yadda zane ya ce. Ban ɗaga kai ba ma, idona yana kan allo. Cikin minti goma na cike takarda na rattaba hannu, har da 'yar wutsiyar da nake yi wa sa hannuna in ina jin daɗi.

"Halas?" in ji mai jarrabawar. Wato na gama?

Na ce halas.

"Ka tabbata?"

Na ce na tabbata. Ya karɓi takardar, ya nuna mini ƙofar baya.

A rumfa aka ajiye mana butar shayi. Na zuba na zauna ina lissafin wanda zai biyo baya. Mutum biyu suka fito, kowanne minti goma ko sha biyar. Daga nan na san layin Baba ne. Minti goma ya wuce, ashirin ya wuce. Shayin ya huce a hannuna. Na sa hannu a aljihu don in ɗauko hankici, sai na taɓa kwalin turaren.

A nan Baba ya faɗo mini a rai. Na hango shi a raina ya buɗe aljihun jaka bai ga komai ba. Mutumin da shekara ashirin bai taɓa fara duba gida ba sai da tsinke a hannu, yau, ranar da zamansa a ƙasar ya rataya a kan 'yan mintoci, na raba shi da abin da ya saba. Ko direba ka sauya wa kujera ranar gwaji sai ya rikice. In ya ruɗe ya manta lissafin fa? In ya tsaya yana lalube a jaka har lokaci ya ƙare fa? Ni na ce ya bar mini komai, ga abin da na yi masa. Na ji na tsani kaina, na tsani mitar, na tsani kwalejin da ta ba ni takarda. Na tashi na zauna ya fi sau biyar, har wani ɗan Indiya da ke kusa da ni ya tambaye ni ko cikina ke ciwo.

Sai da aka yi minti arba'in ƙofar ta buɗe. Baba ya fito, tabarau a goshi, gefen hiraminsa ya zare kamar ɓera ya ci. Mai jarrabawar yana bayansa yana murmushi. Na tare shi.

"Baba, yaya?"

"Alhamdu lillahi. Akwai sauran shayi?"

Iyakar abin da na samu daga bakinsa ke nan. Aka kira azahar muka yi salla, sauran suka gama shiga, sannan mai jarrabawar ya ce duk mu biyo shi. Ya kai mu ɗan bayan gidan nan na katako, mu goma sha biyu muka cunkushe a bakin ƙofa. Ya kunna fankar. Ya ce da Baba, "Ya Hajji, nuna musu."

Baba ya kama gefen hiraminsa ya zaro zare ɗaya mai tsawon taƙi. Ya ɗaura a bakin sandar mita, ya ɗaga zuwa ragar silin. Duk muka ɗaga kai. Fankar zuƙa ce, zaren ya kamata ya miƙe sama ya manne da ragar. Sai ga shi ya kwanto ƙasa yana kaɗawa a kan fuskokinmu.

An juya fankar. Da gangan suka ɗaura ta a baibai, maimakon ta fitar da iskar bayan gida waje, turo ta take yi cikin gida. Mai jarrabawar ya ce irin mitar da muke riƙewa gudun iska kawai take faɗa, ko ta ina iskar ta bugi farfelar lamba ɗaya za ta ba ka. Ya ce kuskuren nan masu ɗaura fanka suna yin sa a gidajen gaske, kuma don a kama irinsa ake biyan mai duba gida. Ya ɗaga takardunmu ya ce duk wanda ya sa hannu a gidan nan ya miƙa wa mutane gidan da warin bayan gida zai riƙa bin su har falo. Mutum uku ne ba su sa hannu ba. Baba ne na farko da ya kira. Ya ce takardarsa ta rubutu da ƙyar ta haye, amma ta haye, kuma rahotonsa na aiki ya fi na kowa, don bayan fankar har wata raga ya gano a kicin da aka toshe rabinta da kwali, ya auna ta sau uku kafin ya yarda da lambar.

Ni ina cikin tara ɗin. Aka ce mu dawo bayan wata uku.

Ban taɓa jin abu biyu sun haɗu mini a ƙirji irin na ranar ba. Kunya kamar in nutse, ga kuma wani daɗi da ya sa na rungume Baba a gaban mutane har tabaransa ya faɗo. Ya ture ni yana cewa in bari kada in fasa masa ido. Aka buga masa hatimi a sabon kati a ranar. A mota ya fito da shi ya fi sau goma, ya sa tabarau ya karanta, ya mayar aljihu, ya sake fitowa da shi.

Mudir da ya ji labari ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce za a kai igamar Baba sabuntawa a makon. Ni kuma, tunda katina ya mutu, ba ni da hannun sawa sai na sake zama, don haka wata uku zan riƙa bin Baba da tsani. 'Yan ɗakinmu suka samu abin yi. Hedimasta ya faɗi, ɗalibi ya ci. Har direban da ke kwana a ɗaki ɗaya da ni, wanda bai san bambancin fanka da injin markaɗe ba, sai da ya tambaye ni ko in ya hura mini iska a kunne zan iya gane ta ina ta fito.

Kwalin turaren yana aljihuna duk kwanakin nan. Na kasa mayarwa a ɓoye, na kasa fitowa da shi. Baba bai tambaya ba, bai kuma sayi wani ba, abin da ya ƙara damuna ke nan.

Ranar Asabar aka tura mu wani sabon gida a arewacin gari, bene mai hawa biyu, ko labule ba a saka ba. Na shigo da tsani na jingine a falo. Baba ya ajiye jaka ya tsaya yana kallon silin. Na ga ba zan iya ƙara kwana da abin ba. Na zaro kwalin da ashanar na miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ka yafe mini. Ni na ɗauke maka ranar jarrabawa, kana wanka."

Bai karɓa ba. Ya ce, "Na sani. Ai ƙofar ba ta rufuwa sosai, ina kallonka."

"Kana kallona? Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"In ce me? Na ga ka sa a aljihunka, na ce alhamdu lillahi, yau Injiniya zai kunna. Shekara huɗu ina jira ka ɗauka da hannunka." Ya gyara zaman hiraminsa. "Kwali ɗaya ne a gidan. Na ce gara kai ka shiga da shi, ni tsoho ne, ba zan rasa dabara ba."

Na tsaya da kwali a hannu. Mutumin da zama ɗaya gare shi, ya ga na ɗauke masa abin aikinsa, ya ɗauka don kaina na ɗauka, ya bar mini. Ni kuwa na shiga da shi a aljihu na fito da shi a aljihu. Idona ya ciko, na juya ina gyara tsanin da ba abin da ya same shi.

"Injiniyaa," in ji Baba. "Mai gida zai zo da azahar. Kunna mu gani."

Na zaro tsinke ɗaya na ƙyasta ashana. Sai a ta uku ta kama. Na hure wutar, na ɗaga hannu sama, muka tsaya mu biyu muna kallon inda hayaƙin zai bi.